Me ke riƙe da fata a jikin mutum?

Duk wanda ya taɓa gyaran kaza ya san wannan. In an gama figa, sai a tsoma ƙafafun cikin ruwan zafi, a ɗan dakata, a kama daga sama a ja. Wata fata mai ruwan ɗorawa za ta zare ɗungurungum kamar safa, har da siffar yatsu, ta bar wata fara tas mai santsi a ƙarƙashi. Ina yaro a Jekadafari, nan cikin garin Gombe, wannan aikin nawa ne duk ranar da aka yanka kaza a gidanmu. Na yi shi ya fi a ƙirga, amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina abin da ya haɗa wadda ta zare da wadda ta rage ba. Kaza ta shekara tana tono da ƙafar nan fata ba ta motsa ba, ruwan zafi na minti guda ya raba su.

Majema su ma sun san wannan rabuwa, da hannunsu suke yin ta. Sukan jiƙa fatar akuya cikin ruwan toka har gashi ya saki, su kankare shi tare da bayan fatar. Abin da ya rage shi ake tsomawa a bagaruwa, shi ne kuma baduku yake yankawa ya ɗinka jaka ko kube. Fatar da ke takalminka hawan ƙasa ne kawai, na sama an baro shi a majema.

Ta ɗan Adam ma hawa biyu ce. Na sama, wanda likitoci ke kira efidamis, a mafi yawan jiki kaurinsa bai wuce na takardar littafi ba, sai a tafin hannu da na ƙafa yake yin kauri. Babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa, shi ya sa in ka ɗan kurje sama-sama sai wurin ya yi fari, jini bai fito ba. Ƙwayoyi ne jere a kan juna kamar tubalin gini. Na sahun ƙasa su ke hayayyafa, suna tura 'ya'yansu sama, kafin su iso waje sun bushe sun mutu. Su ne suke sa ƙafa ta yi furu-furu da hunturu. Tafiyar takan ci wata guda ko fiye. Hawan ƙasa, damis, shi ne mai ƙarfin. Saƙa ce ta zaren wani furotin mai ƙarfi, kolajin, a cikinta jijiyoyin jini suke, da saiwar gashi, da maɓuɓɓugar gumi.

Tsakanin hawan nan biyu akwai wata shimfiɗa siririya, ita ce maganarmu. Kaurinta wajen nanomita 100 ne, sai ka ɗora irinta dubu goma a kan juna kafin ka sami milimita ɗaya. A madubin ɗakin gwaji na yau da kullum, in an rina fatar, ɗan layi kawai ake gani. Sai da madubi mai aiki da ilaktiron ya zo a tsakiyar ƙarni na 20 aka ga ashe ita kanta kashi biyu ce, sashe mai haske a sama, sashe mai duhu a ƙasa. Ta cikinta abinci yake tsatsowa daga jijiyoyin jinin ƙasa ya ciyar da hawan sama, kuma a kanta ƙwayoyin sahun farko suke zaune.

Ina koyar da bayoloji a sakandare, kuma duk shekara nakan tambayi ɗalibai me ke riƙe ƙwayoyin nan a kan shimfiɗar. Amsar ba ta canjawa: "Malam, gam ne." Da gam ne, da ba a iya kwance shi a sake ɗaurawa, alhali fata kullum cikin kwancewa da ɗaurawa take. Ɗauri ne, irin na dabba a turke. Je ka Tike, kasuwar dabbobi, da jajibirin Sallah ka dubi ragon da aka ɗaure. Ga igiya, ga ƙulli a wuyan turke, ga gindin turken da aka kafa cikin ƙasa. Rago yana fizga, ƙarfin yana bin igiya ya sauka a ƙulli, ya bi turke ya nutse cikin ƙasa. In ka wayi gari rago ya tsere, za ka duba ka ga inda aka samu akasi: igiya ce ta tsinke, ƙulli ne ya kwance, ko turken ne ya tumɓuke? A duka ukun rago ya tafi, amma ɓarnar ba ɗaya ba ce. Wannan tambayar ita likitan fata yake yi duk sanda aka kawo masa mai bororo.

Igiyar tana cikin ƙwayar kanta. Kowace ƙwaya ta sahun ƙasa cike take da zaren wani furotin, keratin, dangin wanda ya yi farce da gashi da ƙaho. A wannan sahun iri biyu ne suke tufka da juna, mai lamba 5 da mai lamba 14, ɗaya ba ya zama igiya sai da ɗan'uwansa. Zaren ya rungumi cibiyar ƙwayar yadda ragaya ke rungumar ƙwarya, sannan ya miƙe zuwa bango ta ko'ina. Ta gefe da ta sama yana ƙarewa ne a wasu maɓallai masu haɗa ƙwaya da maƙwabciyarta, irin maɓallin ƙarfe na rigar jarirai, rabi a wannan rabi a waccan. Sunansu desmosom. Ta ƙasa kuwa babu maƙwabciya, shimfiɗa ce, saboda haka rabin maɓalli kawai ake gani a madubi. Daga nan sunan hemidesmosom ya fito, wato rabin desmosom. A kamanni ne suka yi tarayya, kayan da aka ƙera su da shi daban ne.

Wannan rabin maɓallin shi ne ƙullin. Daga ciki, furotin biyu suke cafke bakin zaren keratin, filektin da wani da ake ce wa BP230. Su kuma suna riƙe da wasu biyu da suka huda bangon ƙwayar suka leƙa waje kamar ƙusa ta ratsa katako: intagirin alfa-6 beta-4, da kolajin mai lamba 17. Abin da suke kamawa a waje shi ne laminin 332, kuma a kansa na fi son in daɗe in ina koyarwa. Igiya ce mai tufka uku, alfa 3, beta 3, gama 2, lambobin ne aka jera suka zama sunansa. Kowace tufka da ƙwayar gadon da ke yin ta, in ɗaya ta lalace sauran biyun ba sa tsayuwa. Abin da ke burge ni shi ne ƙwayar fatar da kanta take ƙera shi, ta ajiye a ƙarƙashinta, sannan ta taka ta kama. Kansa ɗaya yana hannun intagirin, ɗaya kan ya ratsa sashe mai haske ya shige sashe mai duhu. Shi kuma sashe mai duhun raga ce ta kolajin mai lamba 4, saƙa irin ta wayar kejin kaji.

Saura gindin turke. Daga ƙasan ragar nan wasu zaruruwa suke sauka cikin damis, su lanƙwaso su koma inda suka fito kamar hannun jaka. Ta cikin waɗannan hannuwa zaren kolajin mai kauri na damis yake ratsawa, sai ya zamana an zarge shimfiɗar da fatar ƙasa. Kolajin mai lamba 7 ne ya yi su, Robert Burgeson da abokan aikinsa a Amurka suka tabbatar da haka a 1986. To in ka murza bayan hannunka yanzu, ƙarfin yatsanka yana bin keratin ya sauka a rabin maɓalli, ya bi laminin ya shiga raga, ya bi hannuwan nan ya watsu cikin damis, ta miliyoyin ɗauri a lokaci guda. Babu wuri ɗaya da nauyin ya taru balle ya yage.

Akwai wata dabara kuma bayan ɗaurin. Iyakar da ke tsakanin hawan biyu tudu da kwari ce, sun sarƙe kamar ka saka yatsun hannun dama cikin na hagu. Wannan yana ƙara faɗin wurin kamawa, yana kuma hana zamewa. Da tsufa tudun suna bajewa, ɗaurin yana raguwa, shi ya sa za ka kama hannun kakarka don ka tsallakar da ita titi, ka ga fatar damtsenta ta yage kamar jiƙaƙƙiyar takarda. A nan sai na tsaya na yi wa 'yan'uwana mata magana, da maza ma yanzu. Da yawa daga cikin mayukan bilicin da ake haɗawa ana sayarwa akwai magani mai ƙarfi na dangin sitiroyid a ciki, irin su kilobetasol. In aka daɗe ana shafawa, fata takan yi siririya, tudun nan su baje, kolajin ya ragu. Yarinya mai shekara 25 ta wayi gari da fatar tsohuwa, rauni kaɗan ya ƙi warkewa, ɗinkin tiyata ya ƙi kamawa. Abin yana ci mini rai, don hasken da ake nema na ɗan lokaci ne, fatar da ta lalace kuwa ba kullum take dawowa ba.

Duk wannan a littafi na san shi, ina zana shi a allo da alli kala-kala. Ban san nauyinsa ba sai shekara huɗu da suka wuce, da 'yar baffana ta haihu a wani ƙauye bayan Kumo. Mijinta ɗan goggonmu ne, auren gida aka yi. Jaririyar ta zo da ƙafafu jawur daga gwiwa zuwa idon sawu, babu fata, kamar an kwara mata tafasasshen ruwa. Ungozoma ta yi mata wanka yadda aka saba, ta riƙe ta ta hammata, duk inda yatsunta suka taɓa ya tashi bororo kafin la'asar. Aka kai ta wani ƙaramin asibiti, aka sa mata allurar ƙarin ruwa aka manne da filasta. Washegari da aka zo cirewa, filastar ta taho da fatar bayan hannun. Ma'aikaciyar da ta cire ta fashe da kuka. Ba ta taɓa ganin irin haka ba, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata akwai jaririn da ba a manna wa filasta. Ina tsaye a wurin, kuma har yau ƙarar yarinyar tana kunnena.

Sunan cutar efidamolisis bulosa, a taƙaice EB. Wani likita Bajamushe, Heinrich Koebner, ya raɗa mata shi a 1886. Turawa kan ce wa masu ita 'ya'yan malam-buɗe-littafi, saboda fatarsu ba ta fi fiffikensa ƙwari ba. A rajistar Amurka, wajen jarirai 20 cikin miliyan ɗaya ake haifa da ita. Kuma akasarin abin da na zayyana a sama, daga jikin waɗannan yara aka koyo shi, don sai an rasa abu ake sanin aikin da yake yi.

In igiya ce ta tsinke, wato keratin 5 ko 14 ya zo da naƙasu, ƙwayar ce take fashewa ta tsakiya, gindinta na nan ɗaure a shimfiɗa. Wannan nau'in ya fi yawa, kuma galibi ya fi sauƙi. Da yake shimfiɗar ba ta taɓu ba, wurin yakan warke ba tabo. Akwai masu shi da ba su ma sani ba, sai dai a ce wane ƙafarsa ba ta son takalmi, yana taka sayyada kaɗan a zafin Maris da Afrilu tafin ƙafa ya kumbura da ruwa. A 1991 Elaine Fuchs da ɗalibanta a Jami'ar Shikago suka lalata keratin 14 a jikin ɓeraye don su ga me zai faru, sai ɓerayen suka zo da bororo irin na waɗannan mutane. Da suka koma suka duba marasa lafiyar, suka tarar da lahanin a wannan ƙwayar gadon.

In ƙulli ne ya kwance, hawan sama gaba ɗaya yake ɗagawa ya bar raga a ƙasa, kamar dai ƙafar kazar nan. Inda laminin 332 babu shi kwata-kwata, abin yana da tsanani ƙwarai, da yawan jariran ba sa kaiwa shekara biyu. A nan ne ake gane cewa ɗaurin nan ba a fata kaɗai yake ba. Shi ne a cikin baki, da maƙogwaro, da gaban ido. Za ka ji muryar jariri ta dishe, haƙora su fito da ramuka. Wanda intagirin ɗinsa ne ya samu matsala ana iya haifarsa da mafitar tumbi a toshe. Mai naƙasun filektin kuwa wani lokaci tsokarsa takan yi rauni daga baya, don can ma filektin ne yake riƙo.

In turke ne ya tumɓuke, kowa ya san yakan taho da ƙasa ya bar rami. Rashin kolajin 7 ke nan. Rabuwar a ƙarƙashin raga take, cikin damis, kuma raunin da ya kai damis galibi da tabo yake warkewa. Tabo kan tabo, shekara da shekaru, sai yatsu su manne da juna, hannu ya dunƙule, farce ya faɗi, hanyar abinci ta tsuke har tuwo ya gagara wucewa. Masu nau'in mai tsanani suna cikin haɗarin sankarar fata tun suna samari. Likitar fata da ta duba yarinyarmu a Gombe, bayan ta ga tabon da wasu ƙananan ƙuraje farare a kansa da faratan da suka zube, ta ce alamun wannan nau'in ne.

Kafin mu kai ga likitar, gida ya riga ya yanke hukunci. Goggo ce ta tare ni a zaure ana gobe suna.

"Ɗan nan, na sha gaya wa yarinyar nan ta daina watsa ruwan zafi a tsakar gida da magariba. Ga shi ta ƙona 'ya'yansu, sun rama a kan tata."

Na ce, "Goggo, kin san sikila?"

"Yo wa bai san sikila ba?"

"To ai kin san ba uwa kaɗai ke ba da ita ba. Sai ta ba da rabi, uba ya ba da rabi, su biyun kuma lafiyarsu ƙalau. Wannan ma haka take."

Ta ɗago ta dube ni. "Kana nufin har da ɗana?"

"Har da shi, Goggo. In ma an bi salsala, ta yiwu daga wuri ɗaya ya gangaro, ta wajenki da ta wajen Baffa."

Ba ta ce komai ba, ta daɗe tana jan carbi. Abin da ta fara yi da ta miƙe shi ne ta aika wa wanzami cewa gobe ba aski, ba cire beli.

Lissafin iri ɗaya ne da na AS da AS. Kowannenmu yana da kwafi biyu na ƙwayar gadon kolajin 7, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A irin wannan nau'in, mai kwafi ɗaya lafiyayye yana yin hannuwan da suka ishe shi, bai san yana ɗauke da komai ba. In biyu irinsa suka yi aure, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na haɗa ɓatattun biyu. Kowane ciki nake cewa, don an sha ɗauka cewa in an haifi ɗaya mai ita, uku na gaba sun tsira. Ba na cikin masu zagin auren zumunci, a cikinsa aka haife ni. Amma dangin da abu irin wannan ya bayyana a cikinsu, haƙƙinsu ne a zaunar da su a gaya musu gaskiya kafin a sake haɗa wasu yaran, kuma zalunci ne a ɗora wa uwa ita kaɗai. Cutar ba a ɗaukarta ta taɓawa ko cin abinci tare, babu dalilin ware wa yaro kwano.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya ga bororo ya firgita. Na fartanya da sabon takalmi a tsakiyar hawan sama yake, bai kai shimfiɗa ba, yana warkewa ya zama kanta. A jarirai ma, abin da ya fi kawo saluɓewar fata shi ne wata ƙwayar cuta, sitafilokokus, mai fitar da dafin da ke yanke maɓallan da ke tsakanin ƙwayoyi can sama. Wannan kam, maganin kashe ƙwayoyin cuta yana warkar da shi sumul in an kai asibiti da wuri. Ido ba ya iya raba su a ranar farko, saboda haka jaririn da fatarsa ke ɗayewa na likita ne a ranar, kada a tsaya shafa toka ko man goge baki.

Akwai kuma waɗanda aka haife su da ɗauri lafiyayye, daga baya garkuwar jikinsu ta juya ta far masa. A tsofaffi aka fi gani. Dattijo zai yi wata da watanni yana susa, a yi ta ba shi maganin ƙazuwa, sannan manyan bororo masu tauri su fito a cinya da ciki da damtse. Sunanta femfigoyid, Walter Lever ya bambanta ta da 'yar'uwarta femfigus a 1953. A femfigoyid, sojojin jiki kolajin 17 da BP230 suke hara, rufin bororon hawan sama ne cikakke, shi ya sa yake tsayawa ɗam ba ya saurin fashewa. A femfigus maɓallan gefe ake hara, rufin siriri ne, yana fashewa tun kafin a gan shi, kuma sau da yawa daga gyambon baki take farawa. Mai juna biyu ma tana iya samun irin femfigoyid ɗin, ta fara mata daga kewayen cibiya. Yadda ake tantancewa a ɗakin gwaji yana tuna mini da majema: ana jiƙa 'yar fata cikin ruwan gishiri mai ƙarfi har ta rabu daidai sashe mai haske, sai a zuba ruwan jinin marar lafiya a ga inda sojojin za su maƙale. In a rufi suka kama, ƙulli suke yaƙa. In a daɓe, ƙasa da nan ne, sau da yawa kolajin 7. Waɗannan ana shawo kansu da magani.

Wanda ya fi gaggawa shi ne wanda magani ke jawowa. Septrin, Fansidar, da wasu magungunan farfaɗiya irin su kabamazafin, a jikin 'yan tsirarun mutane sukan sa hawan sama ya mutu ya saki shimfiɗarsa falle-falle. Yakan fara da zazzaɓi, jan ido da gyambon leɓe, kwanaki ko makonni bayan fara shan maganin. Wanda ya ga haka ya dakatar da maganin ya nufi asibiti da kwalinsa a hannu.

Na ce a baya, da gam ne, da ba a iya kwancewa. Ga inda maganar take. Ka yanke da wuƙa, cikin sa'o'i ƙwayoyin da ke bakin raunin za su wargaza rabin maɓallansu da kansu, su baje, su fara jan ciki zuwa tsakiya. Suna tafe suna ajiye sabon laminin a gabansu suna takawa, da wani intagirin na daban mai riƙon kama-saki. Wasu daga cikin ramin gashi da na gumi suke fitowa, don shimfiɗar ta bi har can ciki. Wannan ne dalilin da ƙunar da ba ta yi zurfi ba take tsiro da sabuwar fata ɗigo-ɗigo daga tsakiya. In sun haɗu sai su tsaya su sake ƙulla maɓallai. Hannuwan kolajin 7 su ne na ƙarshen dawowa, sukan ɗauki watanni, shi ya sa sabuwar fatar ƙuna take saurin yin bororo ko da ta rufe fes. Ita ma ƙwayar da za ta hau sama, sai ta saki shimfiɗa tukuna. Sankara wannan dabarar take sacewa. Muddin ɓatattun ƙwayoyi suna saman shimfiɗa, a cire su an gama. Ranar da suka narka ragar suka faɗa damis, sun sami hanyar jini. Wannan layin siririn shi mai duba nama a madubi yake nema kafin ya rubuta sakamako.

Magani fa? A 2015 aka kwantar da wani yaro ɗan shekara 7, ɗan gudun hijira daga Siriya, a asibitin yara na Bochum a Jamus, ya rasa fiye da rabin hawan saman fatarsa saboda tufkar beta 3 ta laminin ɗinsa ta lalace. Aka yanki 'yar fatar da ba ta fi kan sarki ba aka aika wa Michele De Luca a Modena ta Italiya. Suka saka wa ƙwayoyin lafiyayyen kwafi, suka rene su falle-falle a ɗakin gwaji, aka dawo aka shimfiɗa masa a kusan kashi 80 cikin 100 na jikinsa. Fatar ta kama. An wallafa labarin a mujallar Nature a 2017. A watan Mayu na 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Vyjuvek, wani mai da ake ɗigawa a kan rauni duk mako. A cikinsa akwai bairos ɗin da ke kawo ƙurajen leɓe na zazzaɓi, an kashe masa kaifi an ɗora masa ƙwayar gadon kolajin 7 ya kai wa fata. Na nau'in yarinyarmu ne daidai. A 2023 kuɗin kwalba ɗaya ya haura dala 24,000. Ranar da na karanta na yi murna, na kuma kwana ina juyi.

Abin da ke hannunmu a Gombe shi ne hana jan igiya. Ba a ɗaga irin wannan yaro ta hammata, ana tura tafi ɗaya ƙarƙashin mazaunai, ɗaya bayan wuya. Ba a murza shi da soso ko tawul, ba a gasa shi da ruwan zafi. Filasta ba ta taɓa fatarsa, ana naɗa bandeji ne a manna a kan bandejin. Bororonsa, saɓanin na kowa, ana huda shi da allura mai tsabta a tsiyaye ruwan a bar rufin a kwance, don in an bar shi nauyin ruwan zai ci gaba da ɗaye fatar gefe. Kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, saboda haka ana sa ido a kan wari, ruwan ɗiwa da zazzaɓi. Yana buƙatar abinci mai gina jiki fiye da sa'o'insa, mai laushi, don jikin kullum cikin gyara yake, kuma jini yakan yi masa ƙaranci.

Yarinyar tana nan, mun cika shekara huɗu da ita. Na je ƙauyen da hutun da ya wuce na tarar da uwar a tsakiyar aikin safe, wanda yake cin ta kusan awa biyu kullum. Ta jiƙa tsohon bandeji da ruwa mai ɗumi-ɗumi har ya saki da kansa, ba ta ja ko zare ɗaya ba. Ta duba jikin tun daga ƙeya har tafin ƙafa, ta sami sababbi uku, ta huda. Ta shafe bandeji da basilin, ta naɗe yatsun hannu ɗaya bayan ɗaya, tana ratsa tsakaninsu don kada su manne. Goggo na gefe da 'yar rigar a cinyarta, ta juya ta bai-bai don ɗinkin ya koma waje, tana bin wuyan da yatsa ko akwai zaren da ya yi tauri.